Bin Sawun Gwaji a Cikin Manhajar Fatura

Halala ɗaya ce ta jawo aikin da zan ba da labarinsa, kuma ga wanda bai san kuɗin Saudiyya ba, halala ɗari ce ke yin riyal ɗaya. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Jidda da ke rubuta manhajar fitar da fatura, wato rasit, ga masu shaguna da 'yan sari. Mu huɗu ne masu rubuta kod, biyu daga cikinmu Hausawa: ni da na zo daga Kano, da wani haifaffen Makka wanda kakanninsa suka zo aikin Hajji ta Sudan suka zauna, wanda nake kira Yaya saboda ya girme ni a shekaru da kuma a sana'ar. Da yaren rubuta kod na Python muka rubuta manhajar. Tun daga 4 ga Disamba 2021, lokacin da hukumar zakka da haraji da kwastam ta ƙasar, ZATCA, ta wajabta fitar da fatura ta na'ura, aikinmu ya zama wanda ba ya son kuskure, domin kowace faturar da ake miƙa wa mai saye tana ɗauke da tambarin QR, kuma a cikinsa akwai sunan mai sayarwa, da lambarsa ta haraji, da lokacin ciniki, da jimillar kuɗi, da adadin harajin da aka karɓa.

Bayan an kammala aikin Hajjin 2024 wani dattijo mai sarin darduma da carbi a wajejen Shari'a Mansur a Makka, wanda ya daɗe yana amfani da manhajarmu, ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, ba halalar ce ta dame ni ba, muhasibina ne ya ce lissafinsa da na takardarku ba sa haɗuwa, wani lokaci su dace, wani lokaci su saɓa. Abin da ba shi da tsayayyen hali shi nake tsoro." Na ce, "Baba Alhaji, a turo mini hoton takardun da suka saɓa, in sha Allahu zan duba yau." Ya turo guda shida, kuma ban daɗe ina kallonsu ba na ga bakin zaren. Kayan da farashin sarinsa riyal 7.50 ne kafin haraji, idan aka ɗora masa kashi 15 cikin 100, harajin zai zama 1.125. Akantan Alhaji yana cika rabin halalar zuwa sama ya rubuta 1.13, kamar yadda mu ma muka tsara tun farko, amma takardarmu ta buga 1.12. A kayan riyal 12.50 kuwa, wanda harajinsa 1.875 ne, dukansu sun rubuta 1.88. Wannan hali ne da duk mai aiki da Python ya sani: idan ba ka faɗa wa `Decimal`, sashen Python da ke lissafi da lambobi masu ɗigo, yadda zai cika ba, yakan kai rabi zuwa ga lambar da take cika-biyu mafi kusa, wato mai rabuwa biyu ba saura, don haka 1.125 ya sauka zuwa 1.12, shi kuwa 1.875 ya hau zuwa 1.88.

Da na buɗe tarihin canje-canjen kod sai na tarar da sunana a kan laifin. Makonni kafin nan, ina gyare-gyaren tsabtace fayil ɗin lissafin haraji, na haɗe wasu layuka biyu, kuma a wajen haɗewar umarnin `ROUND_HALF_UP`, wanda ke sa a cika rabi zuwa sama, ya salwanta. Mayar da shi bai ɗauki minti biyar ba. Abin da ya hana ni barci shi ne yadda canjin ya wuce ba tare da wani abu ya tare shi ba. Muna da gwaje-gwaje kusan 640, wato ƙananan shirye-shiryen da ke duba ko kod yana ba da amsar da ake tsammani, da ake gudanarwa da wata manhaja mai suna pytest kafin a karɓi kowane canji, kuma dukansu sun yi nasara a ranar. Muna kuma da ma'aunin coverage.py, wanda ke ƙirga layukan kod da gwaje-gwaje suka taka, kuma ya nuna mana kashi 93 cikin 100, adadin da muke taƙama da shi a gaban shugaban kamfanin. Layin da na ɓata ma yana cikin waɗanda rahoton ya shaida an taka su.

Yadda ma'aunin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Python yana da wata ƙofa, `sys.settrace`, wadda ke ba wani shiri damar a sanar da shi duk lokacin da aka zo kan sabon layi, shi kuma coverage.py, wanda Gareth Rees ya fara rubutawa a 2001 kafin Ned Batchelder ya karɓi kula da shi a 2004, yana tsayawa a wannan ƙofa yana rubuta lambar kowane layin da aka wuce ta kansa. Idan an gama sai ya kwatanta abin da ya rubuta da dukan layukan da za a iya gudanarwa, ya fitar da kaso. Ke nan shaidarsa ɗaya ce tak, cewa an bi ta nan. Bai ce wane ne ya bi ba, bai kuma ce wanda ya bi ɗin ya tsaya ya duba sakamakon ba. Tambayar da nake da ita ita ce ta farkon: a cikin gwaje-gwajen nan 640, waɗanne ne ke taka layin cika halala?

Hanyar da na fara bi ta ƙarfi ce. Na rubuta ɗan umarnin da zai gudanar da kowane gwaji shi kaɗai, ya adana sawunsa a fayil dabam, da niyyar in tattara daga baya. Kowane gwaji sai an sake tayar da Python, an sake shigo da manhajar gaba ɗaya, an sake gina rumbun bayanai na wucin gadi, har aka yi sallar la'asar aka dawo abin bai kai rabi ba. Yaya ya leƙo allona ya ce, "Ƙanena, wannan wahalar an riga an ɗauke maka ita tun 2019." Ya nuna mini cewa a coverage.py fitowa ta 5.0, wadda aka saki a Disamban wannan shekarar, an mayar da fayil ɗin adana sakamako ya zama rumbun bayanai irin na SQLite, aka kuma ƙara damar liƙa wa kowane layin da aka taka wani laƙabi da ke nuna a cikin wane yanayi aka taka shi. Idan laƙabin ya zama sunan gwajin da ke gudana, an samu amsar tambayata a zagaye ɗaya.

A fayil ɗin saiti, `.coveragerc`, na rubuta `dynamic_context = test_function` a ƙarƙashin sashen `run`, na kuma rubuta `show_contexts = True` a ƙarƙashin sashen `html`, sannan na sake gudanar da komai. Rahoton da ya fito yana kama da wanda na saba gani, sai dai a gefen dama na kowane layi an sami ɗan wurin dannawa da ke buɗe jerin sunayen gwaje-gwajen da suka taka shi. Na gangara zuwa layina da ɗoki, sai na tarar da sunaye uku kacal, da wata alama da ke nufin laƙabin wofi. Na ɗauki kusan awa ɗaya ina zaton na yi kuskuren saiti kafin in gane dalili. Wannan hanya tana fara liƙa suna ne daga lokacin da aka shiga fankishin, wato guntun kod mai suna da ake kira ya yi wani aiki, wanda sunansa ya fara da `test`, ta daina idan aka fita. Duk abin da ya gudana kafin nan, kamar shimfiɗar da pytest ke yi wa gwaji, wato bayanan da ake tanada masa tun kafin ya fara, yana faɗawa cikin laƙabin wofi, tare da layukan da ke gudana a lokacin shigo da fayil. Akwai kuma matsala ta biyu: gwaji ɗaya da ake maimaitawa da ƙimomi daban-daban yana fitowa da suna ɗaya, ba a bambance wace ƙima ce ta bi ta ina.

Sai na koma ga pytest-cov, wanda dama da shi muke haɗa pytest da ma'aunin, na ƙara masa `--cov-context=test`. Ban cire saitin farko ba, don haka coverage.py ya yi mini gargaɗin cewa hanyoyi biyu na rikici a kan laƙabi, na cire ɗaya aka zauna lafiya. Bambancin a nan shi ne pytest da kansa ke sanar da sunan, kuma ya san matakai uku na kowane gwaji, saboda haka laƙabin yana zuwa da cikakken suna, da ƙimar da aka ba gwajin, da wutsiyar da ke nuna matakin: `setup` idan a wajen shimfiɗa ne, `run` idan a cikin gwajin kansa ne, `teardown` idan a wajen naɗe tabarma ne.

A wannan karon layin cika halala ya fito da laƙabi 41, kuma na kwafe su a takarda na bi su ɗaya bayan ɗaya. Guda 38 suna ƙarewa da `setup`, kamar `test_qr.py::test_filaye_biyar|setup`. Dukansu gwaje-gwajen tambarin QR ne da na buga takarda, waɗanda ke buƙatar a gina musu fatura kafin su fara, kuma a wajen ginin ne ake wucewa ta layin haraji. Abin da suke dubawa daban ne: ko tambarin na ɗauke da filaye biyar, ko sunan shago na Larabci ya fito daidai bayan an warware Base64, tsarin da ake dunƙule bayanan tambarin da shi, ko lambar haraji ta cika lambobi 15. Sauran ukun sun ƙare da `run`, kuma su ne suka fi ba ni kunya, domin suna cikin fayil ɗin gwajin haraji, har da `assert` da ke kwatanta adadin da aka samu da wanda ake tsammani. Amma farashin da muka ba su riyal 100 ne, da 200, da 1,000, waɗanda harajinsu 15 ne, da 30, da 150 cif. Babu inda rabin halala zai fito a cikinsu, saboda haka ko an cika sama, ko ƙasa, ko ba a cika ba ma gaba ɗaya, amsar ɗaya ce. Ita ma faturar da shimfiɗar ke ginawa ta riyal 100 ce. Layin an taka shi sau 41, kuma a duk takun babu wanda ya sa shi yin aikin da aka rubuta shi dominsa.

Da na ga haka ban ƙara yarda da sauran layukan ba, kuma dannawa ɗaya bayan ɗaya a shafin rahoto ba zai kai ni ko'ina ba a manhajar da ke da dubban layuka. Tunda fayil ɗin `.coverage` rumbun SQLite ne na fara buɗe shi kai tsaye, na ga teburin fayiloli, da na laƙabobi, da wanda ke haɗa su, amma lambobin layuka an cusa su a dunƙule cikin wani tsari na musamman don rage girma, ba a karanta su da ido. Hanya mafi sauƙi ita ce ta cikin Python: a buɗe bayanan da `CoverageData`, a kira `contexts_by_lineno` a ba shi sunan fayil, sai ya dawo da kowace lambar layi tare da jerin laƙabobinta. Da wannan na rubuta ɗan shiri da bai kai layi arba'in ba, wanda ke ware mini layuka kashi uku: waɗanda laƙabin wofi kaɗai ya taka, waɗanda ba su da ko `run` ɗaya, da waɗanda duk masu taka su daga wani fayil ɗin gwaji suke wanda ba nasu ba. Na ukun ya yiwu ne saboda muna da al'adar raɗa wa fayil ɗin gwaji sunan fayil ɗin da yake gwadawa.

Kashi na farko yawancinsa ba abin damuwa ba ne, domin layin da ke ayyana fankishin ko ajin bayanai yana gudana ne da zarar an shigo da fayil. Sai dai ya koya mini cewa wani ɓangare na kason da muke taƙama da shi kyauta ake samunsa, ko da ba a rubuta gwaji ko ɗaya ba. A cikinsa kuma na tarar da dukan layukan shirin da ke fitar da rahoton wata, wanda gwajinsa ke tayar da shi a matsayin wani aiki dabam da ke gudana a gefe. Muna auna sawun irin waɗannan ayyuka, amma a yadda muka saita awon sunan gwajin bai bi su can ba, saboda haka sai da na gyara gwajin ya riƙa kiran fankishin ɗin kai tsaye kafin sunaye su bayyana.

A kashi na biyu na ci karo da abin da ya fi halalar Alhaji haɗari. Harajin nan ya fara aiki a Saudiyya ranar 1 ga Janairu 2018 a kan kashi 5, aka ɗaga shi zuwa kashi 15 daga 1 ga Yuli 2020, kuma manhajarmu tana zaɓar adadin ne bisa ranar ciniki, saboda masu sake buga tsofaffin takardu. An rubuta zaɓin a layi ɗaya, irin rubutun Python da ke cewa a ɗauki wannan idan sharaɗi ya cika, in ba haka ba a ɗauki wancan. Duk masu taka layin shimfiɗa ce, kuma shimfiɗar kullum ranar yau take sakawa, ke nan ɓangaren kashi 5 ba a taɓa gudanar da shi a gwaji ba. Na ce wa Yaya ai da mun kunna ma'aunin rassa, wanda ke duba ko an bi kowane ɓangare na sharaɗi, da `--branch` da ya kama. Ya ce in kunna in gani. Na kunna, bai kama ba, domin coverage.py yana auna reshe ne ta tsallen da ake yi daga layi zuwa layi, kuma zaɓin da ya fara ya ƙare a cikin layi ɗaya ba ya barin tsalle. Da na rubuta masa gwaji na gaske sai wani ɓoyayyen kuskure ya fito: muna kwatanta ranar da agogon duniya na UTC, alhali Saudiyya tana gabansa da awa uku, saboda haka cinikin da aka yi da ƙarfe ɗaya na dare ranar 1 ga Yuli 2020 ana ɗaukarsa na 30 ga Yuni. A garin da kasuwa ke ci har bayan tsakar dare wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake iyakarsa awa uku na dare ɗaya.

Akwai inda muka saɓa da Yaya. Da bayanan suka samu na juya tambayar, na nemi gwaje-gwajen da sawunsu iri ɗaya ne sak, na sami gungu-gungu, na kawo shawarar a goge maimaici don a rage lokacin jira. Ya ce, "Kai da ka gama nuna mana cewa riyal 100 da riyal 7.50 layi ɗaya suke bi amma ba abu ɗaya suke gwadawa ba, yanzu kuma za ka goge gwaji don sawunsu ya zo ɗaya?" Ban sami abin cewa ba. Har yanzu ina ganin akwai maimaici na gaske a cikinsu, amma na yarda sawu kaɗai ba zai nuna shi ba, sai mutum ya karanta ƙimomin da idonsa. Mun goge bakwai bayan karantawa, muka bar saura.

Hanyar tana da tsadarta. Fayil ɗin sakamako ya kumbura sosai, tunda yanzu ana adana sawun kowane mataki na kowane gwaji dabam, shafukan rahoton suka yi nauyin buɗewa, gudun gwaje-gwajen ma ya ragu. Na so in rage jinkirin da sabuwar ƙofar `sys.monitoring` da ta zo da Python 3.12 a Oktoban 2023, wadda ta fi tsohuwar sauƙin nauyi, amma a fitowar coverage.py da muke da ita a lokacin ba ta aiki tare da laƙabin da ke canzawa daga gwaji zuwa gwaji. Matsayar da muka cimma ita ce a bar awon yau da kullum yadda yake a kan kowane canji, shi kuma mai laƙabi a gudanar da shi a daren Alhamis, idan aka dawo aiki ranar Lahadi bayan hutun Juma'a da Asabar a tarar da jerin layukan da shirina ya ware. Mun kuma daina kai wa shugaban kamfanin kason nan shi kaɗai. Tare da shi yanzu ake kai adadin layukan fayilolin kuɗi da ba su da `run` daga gwajinsu na kansu, kuma a makon farko adadin 57 ne.

Ga layin halala kuwa, na rubuta gwaji ɗaya da ake maimaitawa da farashi huɗu: 7.50, da 12.50, da 4.30, da 0.30, na ɗauko biyun farko daga takardun da Alhaji ya turo. Bayan ya yi nasara na sake cire `ROUND_HALF_UP` da gangan don in ga ko za a tare ni. Uku suka faɗi nan take, na 12.50 ya wuce kamar yadda lissafi ya nuna zai wuce. Wannan ɓata kod da gangan akwai manhajojin da ke yin sa da kansu, irin su mutmut, kuma mun fara gwada shi a fayil ɗin haraji kaɗai saboda yana cin lokaci. Na mayar da umarnin, na duba rahoton Alhamis ɗin da ta biyo baya, layin yana da laƙabi 45.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa na Haramain zuwa Makka, na yi umara, na biya ta shagon Alhaji da jerin faturori 212 da kuskuren ya shafa a cikin makonnin, domin akantansa ya san yadda zai daidaita littafinsa. Jimillar bambancin riyal 2.12 ce. Alhaji ya karanta takardar har ƙasa, ya miƙa wa muhasibin, sannan ya aiki yaron shago ya sayo mana tsire, wanda mutanen Makka ke kira sere, ya ce in zauna in nuna masa a wayata inda rabin halalar take shiga.